Kalma Ɗaya Tak Na Ce Ya Riƙe

…kuma ba daidai ba. Karo na bakwai ke nan. Jan rubutun nan ya sake fitowa a fuskar kwamfutar, Baba ya ɗage yatsansa a hankali yana dubansa, kamar yatsan ne ya yi laifin.

Kalma ɗaya. Kalma ɗaya tak na ce ya riƙe. Ban ce arba'in ba. Arba'in ɗin ai ni na kwashe su, ni na zauna Asabar biyu cur a kan teburin cin abincin nan ina shigar da su cikin manhajar ɗaya bayan ɗaya: ta banki, ta imel, ta fansho, ta asibiti, ta wutar lantarki, har da ta wani shafin sayar da tayar mota da ya shiga sau ɗaya shekara shida da suka wuce. Manhaja ta riƙe maka duk kalmomin sirrinka, kai ka riƙe guda ɗaya da za ta buɗe ta. Ina wahala a nan? Ina?

Kai kuma Yaya, kana ina? Kira tara. Tara. Tana shiga, tana ƙara har ta gaji ta yanke. Na san wayar tana hannunka, ba ta taɓa barin hannunka ba, ko a teburin abinci tana gefen faranti. Ɗazu da safe ka sa hoton sabon takalmi, na gani.

Kai kaɗai za ka iya buɗe masa. Haka tsarin yake, na faɗa maka tun ranar farko: wanda aka rubuta a matsayin shugaban iyali, shi ke ceto wanda ya manta tasa. Danna abu biyu ne kawai. Ni na so in zama, don ni ake kira in abu ya lalace. Ka ce a'a. Ka yi wannan 'yar dariyar taka — ai ni ne babba, a sa sunana. To an sa. Sunanka a sama, katina a ƙasa, duk wata ana cire mini kuɗin mutum shida. Ka samu sarauta, na samu aikin. Ko buɗe manhajar ka taɓa yi tun daga ranar? Na tura maka bayani mai tsawon hannu, ka amsa mini da hoton babban yatsa.

Na takwas. Ba daidai ba.

Litinin ƙarfe goma sha biyu za su rufe tantancewa. Ofishin fansho ya turo saƙo a imel, sai Baba ya shiga ya danna, ya nuna fuskarsa, su yarda yana raye. In bai yi ba su dakatar da shi wata uku. Mutum yana zaune a gabana yana numfashi, yana gyara gilashi, amma ba zai iya tabbatar wa kowa yana raye ba, saboda kalmar imel ɗinsa tana cikin manhajar, manhajar kuma a rufe. Da ma kalmar imel ɗin irin ta dā ce sai in cinka. Ni na canza ta. Ni da hannuna. Haruffa ashirin, manya da ƙanana da alamomi, abin da ko ni ba na iya karantawa. Har ina jin daɗi ranar, ina nuna wa Mama — kin ga, ko shekara dubu ɓarawo ya yi ba zai gano ba. To ga shi, ɓarawo bai gano ba, mu ma ba mu gano ba.

A sake ta imel ɗin? Lamba shida za su tura wa tsohon layin Baba. Layin da ya ba Auta lokacin da wayarta ta faɗa ruwa, ta kuma yar da shi a motar haya. Auta. Ita ma kujera guda ta cinye a cikin shidan nan, ba ta taɓa ajiye komai a ciki ba. Wai kanta ya ishe ta. Kan da ke da kalma ɗaya rak, sunan magenta da shekarar haihuwarta, kuma duk ƙawayenta sun sani. Kanta ya ishe ta…

Me ya kai ni ma? Wa ya aike ni? Ina da aikina. Kwana biyar ina tsaye a ɗakin gwajin jini, ƙafata kamar ba tawa ba, Asabar ɗaya nake da ita in wanke kaina in ga 'ya'yana. Maigidana ma ya ce ki bar mutane da takardunsu, kowa ya saba da abinsa. Na ce shi bai gane ba.

Amma ai kun gani. Duk kun gani ranar da aka sace shafin Mama, ana ta tura wa dangi saƙo da sunanta, wai tana kwance asibiti a taimaka. Goggo ta kira tana kuka. Mama ta kwana uku ba ta iya haɗa ido da maƙwabta. Wa aka kira? Ba kai ba. Ni na bar aiki da rana tsaka, ni na bi mutane ɗaya-ɗaya ina ba da haƙuri. Ka rubuto a zauren iyali — ya kamata a ɗauki mataki. A ɗauki. Wa zai ɗauka? Wannan "a" ɗin taka kullum ni ce.

Mama kuwa, bayan duk wannan, ta rubuta tata babbar kalmar a farar takarda ta manna a bayan wayarta da salatif. A bayan wayar. Na ɓare, ta sake mannawa. Na ɓare, ta rubuta a murfin tukunyar da ba a girki da ita. Ga ta can a kicin tana wanke kofi ɗaya tun ɗazu, ruwa na zuba, ba ta leƙo ba. Ba ta son a ce tana cikin maganar.

Na tara. Baba yana furta wani abu a ƙasan leɓe kafin ya danna. Ba daidai ba.

Na rubuta wa kamfanin. Wani abu ya amsa mini cikin daƙiƙa biyu, ba mutum ba ne, mutum ba ya saurin ladabi haka. Mun fahimci damuwarki. Domin tsaronku, mu kanmu ba ma iya ganin kalmarku. Ko kin tuntuɓi shugaban iyalinku? Na tuntuɓe shi. Yana sayen takalmi. Ga kuma wata 'yar fuska mai murmushi a ƙasa tana tambaya ko amsar ta gamsar da ni. Wajen cire kuɗi dai ba su taɓa mantawa da kalmata ba.

Amma Baba… wannan fa gangan ne. Ba wanda zai ce mini ba gangan ba ne. Mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana awon filaye? Muna yara, a mota, sai ya nuna wani dutsen siminti a bakin hanya ya faɗi lambarsa, ya faɗi taku nawa ne zuwa na gaba, ya faɗi shekarar da ya kafa shi. Lambar wayar kowa a kansa take. Lambar motar da ya sayar kafin a haife ni, har yau in ka tambaye shi… Shi ne kalma ɗaya za ta gagara? Da kansa ya zaɓe ta. Na juya baya na kalli bango, ya shigar sau biyu, na ji ƙarar madannan, ya ce an gama. Sati uku kacal.

Horo yake mini. Saboda littafin.

Ɗan littafin nan mai koren bango, wanda ya kumbura don tsufa, roba ɗaure a tsakiyarsa. Duk kalmominsa a shafukan farko, da kyakkyawan rubutunsa na ma'auni, kowace da layi a ƙasa. Yana barinsa ko'ina, kan talabijin, cikin mota, ranar nan a kan kantar mai magani aka tsinto shi. Na kwafe shafi goma sha ɗaya na farko, inda kalmomin suka ƙare. Sai na ce Baba, wannan yanzu haɗari ne. Na kai shi bayan kicin, na sa a tsohon gwangwanin fenti, na ƙyasta ashana. Yana tsaye a bakin ƙofa, hannuwa a baya. Na ce kuma sabuwar nan kada ka rubuta ta ko'ina, ko'ina fa Baba, a kai ake ajiye ta. Ya ce to, Uwata.

To. Kullum to. Da ya yi mini faɗa ranar da ya fi. Ya ce littafina ne, ajiye mini. Amma a'a, sai ya yi shiru ya jira Asabar ɗin da ta fi kowace matsi ya zauna yana danna ƙarya, don in gane kurena, don in ce da na sani.

Na goma.

"Baba, don Allah ka daina wasa da hankalina. Ina da yara a gida."

Daga bakina ta fito. Da ƙarfi kuma. Ruwan kicin ya tsaya cak.

Bai ɗago ba. Ya cire gilashin, ya goge da bakin riga, ya mayar. "Bari in sake gwadawa, Uwata."

Ba zan iya zama ba, in na zauna zan ƙara wata. Takardar gaggawa — akwai takardar da manhajar ta bayar na buga masa, mai fili a ƙasa inda ake rubuta babbar kalmar da hannu. Na ce kada ya cike. Allah Ya sa bai ji maganata ba. Sau ɗaya dai a gidan nan rashin jin maganata ya yi amfani.

Ɗakinsa. Ƙamshin man zafi da tsohuwar takarda. An gyara gado tsaf, takalma a jere. Durowar gefen gado tana cijewa kamar kullum, sai an ɗaga an ja. Kira na goma, Yaya, wayar a maƙale a kafaɗata, ka ɗauka mana, ka ɗauka… Ga takardar a sama, a ninke huɗu. Filin fari fes. Bai rubuta ba. Ya ji maganata.

Wannan tarkacen kuma fa? Durowa cike da guntayen takardu. Bayan rasit, kwalin magani da aka yaga aka baje, gefen jarida. Mama ba ta share nan ne? Duk rubutunsa ne, kowane da layi a ƙasa. Wataƙila kalmar tana ciki, wataƙila ya…

Na sha na safe. Kada a ƙara.

Gas. A duba kafin a fita.

Talata asibiti. Laraba ba komai.

Mai gyaran famfo an biya shi. Kada a sake biya.

Daga kanti: dama, a wuce gida uku, baƙar ƙofa.

Baƙar ƙofa. Ƙofar gidan nan ce baƙa. Kantin da ke kan kwana, wanda ko minti biyu ba a yi. Shekara ashirin da shida yana gidan nan, shi ya auna filin da kansa.

Matar Babba malamar makaranta ce. Yara uku. Na tsakiyan ne mai gilashi.

Babba kai ne, Yaya. 'Ya'yanka ne. Ya rubuta wanda ke sa gilashi don kada…

Duk da kwanan wata a kusurwa, yadda yake yi wa taswira. Ba ko ɗaya da ya wuce sati uku. Kafin sati uku ina yake rubutawa? Ina yake…

Shafi goma sha ɗaya na kwafe. Littafin ya fi shafi ɗari. Ya kumbura, har roba ake ɗaure shi da ita, ban tambayi me ya kumbura shi ba. Ban buɗe baya ba. Na ga yana ɗauke da shi ko'ina, har kanti, har wurin mai magani, na ce sakaci ne. Ya ɗauki lokaci kafin ya ci wuta, sai da na tona shi da tsinke, shafukan suna lanƙwashewa cike da rubutu har ƙasa, ina kawar da fuska saboda hayaƙi.

Akwai wata a can ƙasa, bayan ambulan ɗin wutar lantarki.

Uwata ta ƙona littafin. Don taimako ta yi. Kada a yi mata faɗa.

Waya tana ta ƙara a kafaɗata. Ta yanke. Na zauna a bakin gadon, na ɓata masa shimfiɗa. Mama tana bakin ƙofa, ban ji zuwanta ba, hannunta jiƙe tana murza shi a jikin zane. Ta dubi durowar, ta dube ni. Ba ta yi mamaki ba. Tun yaushe, Mama? Tun yaushe kike wanke kofi ɗaya?

Daga falo ina jin madannan. Ɗaya… ɗaya… a hankali, da yatsa guda. Shiru. Ya sake farawa.

"Uwata," muryarsa ƙasa-ƙasa, irin ta mai neman alfarma a ofishin da ba a san shi ba. "Me ma kika ce in rubuta a nan?"

Ya kamata in tashi. Taku goma ne zuwa falon. Zan tashi. Bari dai in ninke takardun nan yadda na same su, wannan a ƙasa, wannan a kai… ko wannan ce a kai? Ban lura ba. Ban lura da yadda suke ba.