Ban da Na Waya

Auta direban babbar mota ne. Shekara goma sha ɗaya yana kan hanya kafin wata tirela ta shigo masa hannu, ƙashin bayansa ya taɓu. Wata biyar ke nan yana kwance rigingine, likita ya hana shi ko zama. Mutumin da in ya shigo gida sai an roƙe shi ya yi shiru, ya koma daga "to" sai "a'a". In na shiga da abinci ya juya fuska bango.

Surukata, matarsa, ita ce ta samo tsohuwar kwamfuta a wurin aikinta, aka sa mata wasan tseren motoci, aka ɗora a teburin da ke jikin soket, can ƙarshen ɗaki. Na ga idonsa ya bi motocin nan. Ta ce abin da ya rage hannun gem, wato abin da ake riƙewa ana dannawa motar ta tafi, amma lallai mara waya, tunda gadonsa da nisa.

Da safe na tafi shagon kayan lantarki da kaina. Na ce wa mai shagon, "Ɗan nan, hannun gem nake so, amma ban da na waya."

Ya ce, "Ba na waya ba? Na kwamfuta ke nan, Mama."

Na ce, "Shi fa."

Ya miƙo kwali a liƙe, na biya, na taho ina sauri kamar yarinya. A gaban Auta na yage ledar. Ina buɗewa sai ga waya baƙa a nannaɗe kamar macijiya. Surukata ta jona, ta ja, ta ja, wayar ta tsaya saura taku uku ta kai gadon. Ga gadon ƙarfe ba ya matsuwa, ga tebur ba wurin sa shi kusa. Auta ya miƙa hannu, bai kai ba. Ya mayar da hannun kan ƙirjinsa, ya ce, "Inna, ku bar shi." Ya juya bango.

Ban ko sha ruwa ba na koma.

Na dangwarar da kwalin a kan kanta. "Me na ce maka?"

Ya duba, ya nuna mini wata takarda a bango. "Mama, an buɗe. Ga shi a rubuce, kayan da aka buɗe ba a dawo da su."

"Ni ka ga na yi kama da mai karanta bango? In ban buɗe ba ta ina zan san ka cuce ni? Duba nake yi?"

"Ban cuce ki ba. Kin ce ban da na waya. Wannan ba ya aiki da waya, na kwamfuta ne."

Na zaro wayar na ɗaga ta sama. "Wannan kuma fa? Jelar ubanka ce?"

Wasu mutum biyu da ke duba fanka suka fashe da dariya. Shi kuwa ya yi sororo yana kallon abin da ke hannuna, sai ya dafe kai. "Wai wannan wayar kike nufi! Ni na ɗauka wayar salula."

"Ka ɗauka. To ka sauke."

"Mama, doka ce, kuma a jikin kwalin ma an rubuta..."

Na ce ya riƙe bakin wayar. Ya riƙe, don bai san abin da zan yi ba. Na ja da baya har ta miƙe, sannan na ƙara taku uku. Na ce, "Nan gadon ɗana yake. Zo ka kwanta a nan, kada ka ɗaga baya, ka miƙo hannu ka ɗauka. In ka kai, na bar maka."

Dariyar ta mutu. Ya tambaye ni me ya same shi, na gaya masa a taƙaice, don ba kuka na zo yi ba. Sai ya tura kwalin ƙarƙashin kanta, ya ce zai bar shi na gwaji ga masu saye. Ya sauko da marasa waya guda uku.

Wannan karon na ce sai an buɗe kowanne a gabana. Na farko ƙarami ne, na ce hannun Auta kamar faranti yake, wannan zai ɓace a ciki. Na biyu batir ake sa masa, ga nauyi. Na ɗaga shi sama da fuskata kamar mai kwance, kafin na ƙirga ashirin hannuna ya gaji. Na uku caji ake yi masa, ba nauyi, da wani ɗan abu kamar ƙwayar wake da ake soka wa kwamfuta. Ya jona a tasa, na fita har bakin titi ina dannawa, yana ɗaga murya, "Yana yi, Mama! Dawo haka!" Sai abin ya kama rawa a hannuna, saura kaɗan in jefar.

"Ka ga! Lalatacce ne!"

"Haka yake. In mota ta hau gargada sai ya girgiza, kamar sitiyari."

Na ce shi za a ba ni. Na cika abin da ya ƙaru, ban ce na gode ba sai da na kai ƙofa.

A gida surukata ta soka ɗan abin nan, na ɗora hannun gem a ƙirjin Auta. Ya daɗe bai taɓa ba. Sannan ya ɗauka, ya juya shi, ya danna. Jar mota ta zabura ta daki shinge, abin ya girgiza. Na ga yatsunsa sun ƙara damƙewa. Ya koma baya, ya saita ta, ya shiga kwana a hankali yadda yake yi da kaya a baya.

Ina tsaye tsakiyar ɗaki da mayafina a hannu, ban san na tsaya a gabansa ba.

Ya ce, "Inna."

"Na'am?"

"Matsa mana, kin tare mini titi. Ko so kike in yi miki hon?"

Na matsa. Na ce, "Ka dai bi a hankali, marar kunya."