Goro a Kuncin Sidiku

Da kujerar tasa aka cicciɓe shi, don an rasa ta inda za a kama shi. Dawowar Lariba ke nan daga kasuwar doya ta Salaga, ta tarar da ƙofar gidan maƙwabcinta Sidiku cike da jama'a, ana kiciniyar cusa shi a bayan motar wani dillalin shanu. Hannunsa na dama yana reto, takalminsa ɗaya ya saɓule a gindin bishiyar dogon yaron da yake zama kullum.

"Me ya same shi?" ta tambayi Shetu, matarsa.

"Yanzun nan ne, Yaya Lariba. Na dawo daga gidan suna ana kiran azahar, na ce Malam tashi, sai kawai ya sulale gefe."

Waya na kunnen Shetu, 'yarsu Atikatu ce, wadda ke aikin nas a Yendi. Har Lariba tana jin muryarta: kada a ɗura masa ruwa, kada a tsaya ko'ina, a wuce babban asibiti a Tamale, ita ma ta kamo hanya. Akwai allurar da ake yi wa mai shanyewar ɓarin jiki, amma sai an yi sauri.

Lariba ba ta san lokacin da ta shiga motar ba. Ai ba maƙwabtaka kaɗai ta haɗa su ba, 'yar kawunsa ce, taubashiyarsa. Tun suna yara babu ranar da za ta fito ta faɗi ba su zolayi juna ba. Shi ya ce mata mai bakin kasuwa, ita ta ce masa ragon maza. A unguwar har an saba, in ba a ji su ba sai a ce ko lafiya.

Sai da suka bar gari ta ɗora kansa a cinyarta, ta dubi fuskarsa da kyau. Bakin ya karkace, kuncin dama ya saki ya zubo. Ta san wannan fuskar. Ta gan ta da safe.

Rana ba ta yi zafi ba lokacin da ta wuce shi a kan kujerar, ta ce, "Ragon maza, an tashi lafiya?" Ya ɗago ya amsa da wata magana a dunƙule wadda ba ta kama ko kalma ɗaya ba. To jikan fataken goro ne, tun tasowarta ba ta san kuncinsa babu goro ba. Ta yi dariya ta ce, "Tofar da goron mana ka yi magana kamar mutane, ga yawu har gemu." Ya ɗaga hannun hagu, ita kuwa ta ɗauka korar ta yake yi yadda ya saba. Ta murguɗa masa baki ta tafi abinta.

Duk tsawon hanyar nan idonta na kan fuskarsa. Tana ta gaya wa kanta goron ne, wallahi goron ne.

A bakin asibitin suka tarar da Atikatu, ko kayan aikinta ba ta cire ba. Aka gangara da shi aka ɗauki hoton kansa. Wata likita ta fito, yarinya ce ƙarama, Hausarta irin ta zango.

"Ba jini ya fashe ba, gudan jini ne ya toshe hanya," in ji ta. "Wani gefen ƙwaƙwalwa ba ya samun jini. Muna da allura da zai narkar da shi. Amma sai cikin awa huɗu da ɗan kai daga farawa. In ya wuce, wurin ya riga ya mutu, allura zai sa jini ya ɓalle cikin kai, ya kashe shi nan take. Wane ya gan shi lafiya na ƙarshe?"

"Da azahar ya faɗi," Atikatu ta yi caraf ta ce. "Muna cikin lokaci. Ko ba haka ba, Mma?"

Shetu ta gyaɗa kai. Likitar ta juya ta ce wa wata nas a haɗa allurar.

Lariba ta bi nas ɗin da kallo. In ta yi shiru za a yi masa, ƙila ya tashi, ƙila kuma shirun nata ya kashe shi. In ta yi magana an fasa ke nan. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba.

"'Yata," ta ce wa likitar, "in tun safe ne fa?"

Kowa ya juyo. Ta faɗi abin da ta gani, har zolayar ba ta rage ba. Likitar ta tambaye ta wane gefe ne ya karkace, ta nuna. Ta tambayi Shetu yaushe ta bar gida, ta ce tun bayan asuba, ta tafi taya girkin suna. Likitar ta ɗaga wa nas ɗin hannu, aka mai da kwalbar.

Atikatu ta tsaya tana kallon Lariba kamar ba ta taɓa ganin ta ba.

"Gwaggo, kin gan shi a haka kika wuce?"

"Na zaci goro ne."

"To in goron ne fa? Kin hana shi maganin ke nan."

Lariba ta zauna a ƙasa nan inda take tsaye.

Kwana biyu Sidiku ya yi bai farfaɗo ba. Ɗansa Fu'ad, wanda ke fataucin albasa a Bawku, ya iso ya same shi da rai, amma bai san an zo ba. Ranar Alhamis da hantsi Allah ya karɓi abinsa, aka mai da shi Salaga aka rufe bayan la'asar.

Babu wanda ya ce wa Lariba komai, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Atikatu tana gaishe ta a tsugune yadda ta saba, amma ba ta ɗago ido. Ita kuwa Lariba maganar Atikatu ta hana ta sakat. In ta ce goro ne, to ita ta raba shi da allurar a banza. In ta ce ba goro ba ne, to da hannun nan da ya ɗaga kiran ta yake yi. Ta rasa wanne za ta roƙi Allah ya zama gaskiya.

Ranar sadakar uku mata sun cika tsakar gida. Aka zagayo da farantin goro, Lariba ta ɗauki ɗaya don kada a ga ta ƙi. Shetu, wadda ke zaune kusa da ita cikin takaba, ta bi farantin da kallo, ta ɗan yi murmushi mai ciwo.

"Allah sarki Malam," ta ce. "Tun azumin bana rabonsa da goro, saboda hawan jini aka hana shi. Ya ce kada in kuskura in gaya miki, wai za ki ishe shi da tsiya."

Aka ci gaba da gaisuwa. Lariba ta miƙe a hankali, ta ratsa matan ta fita ƙofar gida. An dawo da kujerar gindin dogon yaro, wani ya jera takalman biyu a ƙarƙashinta. Ta daɗe a tsaye, sannan ta sunkuya ta zauna a ƙasa gefen kujerar, goron na hannunta ba ta ɓare ba.