Gadar da Tukur Ya Ɓoye

Zazzaɓi ya rufe Tukur bayan sallar azahar, a cikin siton kamfanin da ke fitar da zoɓo da riɗi daga Dawanau zuwa ƙasashen waje. Shekara goma sha tara ke nan yana tsara tafiyar tireloli a kamfanin, ba takarda ba kwamfuta, komai a ka. Ya san direban da ke gyangyaɗi bayan ya ci tuwo, ya san wanda ba a ba shi mota ranar da ya yi faɗa a gida. Sai bana Alhaji Mudi, mai kamfanin, ya sayo wata manhaja mai bin sawun kaya tun daga gona har tashar jiragen ruwa, ya danƙa ta a hannun Mannir, abokin Tukur tun suna firamare. Mannir aka tura Legas koyon aikinta. Mannir ɗin ne kuma Alhaji ke fara nema kowace safiya.

Da hantsin ranar nan wani direba ya bugo wa Tukur waya, ya ce ruwa ya cinye wata gada a hanyar Kudu. Tireloli shida na kamfanin suna kan wannan hanya. Tukur ya ce to, ya kashe wayarsa gaba ɗaya, bai gaya wa kowa ba. Ai an ce manhaja ta san komai, sai ta gaya musu. Ya haye kan buhunan zoɓo ya miƙe, tsamin zoɓon na shiga hancinsa, idanunsa suka yi nauyi.

Sai ya ga rufin sito ya ɗage kamar murfin tukunya. Daɓen ya narke ya zama ruwa ja wur, ba gaɓa ba iyaka, buhuna na yawo a kai kamar kwale-kwale. Shi kuwa yana tsaye bisa ruwan bai nutse ba, da wani ɗan ƙaramin buhu a kafaɗa mai nauyin dutsen niƙa.

Can ya hango wata tsohuwa zaune kan babban sikeli, tana ɗinki da basilla. Da ya matsa ya ga zaren nata kwalta ce, motoci ƙanana suna bin ta kamar tururuwa.

"Sannu da aiki, Iya. Me kike ɗinkawa?"

"Hanya," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Manomin da ya shuka a Gumel da matar da za ta sha a bayan teku, zare ɗaya ya haɗa su."

"Da ni nake riƙe da zaren nan."

"Taƙi ɗaya ka riƙe, ɗan nan, ka ɗauka duka ne." Ta dubi buhun kafaɗarsa ta yamutsa fuska. "Wannan ba ɗinkina ba ne. Da haƙori aka ɗinke bakinsa."

Ta nuna da basilla. Wata kwantena mai tsatsa ta taho tana tafiya da ƙafa huɗu, ta durƙusa gabansa kamar raƙumi, ta wangale ƙofarta. Da ya shiga bai tarar da bango ba. Wata tasha ce mai faɗi, jiragen ruwa na iyo a sararin sama, injinan ɗaga kaya na sunkuyar da wuya kamar raƙuman dawa a bakin tafki.

"Ƙasa arba'in na zaga," in ji kwantenar, muryarta kamar ana jan kwano a ƙasa. "Ba wanda ya taɓa tambayata ya gajiya. Kai wa kake nema?"

"Wadda ta ƙwace mini aiki."

"Ita kake nema, ko wanda aka ba ta?"

Buhun ya ƙara nauyi har gwiwar Tukur ta lanƙwashe.

Suka iso ƙarƙashin wani gajimare. A cikinsa Manhaja take zaune, doguwar mace ta gilashi, ba ta da ƙafa, jikinta duk idanu ne, kowane ido yana kallon buhu guda a wani lungu na duniya. Ƙarƙashinta an shimfiɗa darduma. Ga Mannir nan zaune, hannunsa da na Alhaji Mudi cikin kwano ɗaya, Alhaji yana tura masa tsoka yana dariya irin wadda a da Tukur kaɗai ke sa shi. Mannir ɗin da shi Tukur ya kawo kamfanin da hannunsa! Mannir da har ya shekara bai iya bambanta riɗin Jigawa da na Binuwai ba! Tukur ya yi sallama sau uku, ba wanda ya waiwayo.

Manhaja ce ta juyo da ido ɗaya gare shi.

"Kowane buhu a nan na san inda ya fito, na san inda zai kwana jibi. Naka ne kawai ban sani ba. Ina za shi?"

Tukur ya sauke ya duba. An rubuta suna a jiki da jan tawada.

"Na Mannir ne," ya ce, har da ɗan murmushi.

"To buɗe, mai kaya ya gani."

Ya sa haƙori ya tsinke zaren. Ruwa ya ɓalle daga cikin buhun, ruwan laka mai ƙugi, ɗauke da rassan itatuwa da baraguzan siminti. Tashar ta ɓace. Ga shi tsaye a bakin karyayyiyar gada, ga tireloli shida sun taho a guje, ɗaya na bin ɗaya. A ta farko ya ga Ɗanladi, wanda shi Tukur ya ci tuwon sunan 'yarsa watan jiya. A ta biyu ga Malam Hashimu da carbinsa rataye a madubi, mutumin da ya ce daga wannan tafiya zai ajiye tuƙi. Ya leƙa ta uku, ta huɗu, har ta shida, yana neman fuska ɗaya.

"Ina Mannir?" ya tambaya.

"Mannir ba ya tuƙi," in ji Manhaja.

Ya ɗaga hannu zai yi ihu, ya ji leɓunansa a ɗinke. Ɗanladi ya hango shi, ya washe baki, ya danna masa hon na gaisuwa, bai rage gudu ba.

Firgigit Tukur ya farka, rigarsa sharkaf da gumi. Mannir ne tsaye a kansa yana jijjiga masa ƙafa.

"Gada!" Tukur ya ce. "Mannir, gada ta karye!"

"Na sani. Tun kafin azahar manhaja ta nuna, ta fitar da wata hanya. Na kira direbobin nan har na gaji, sun ce ba na'urar da za ta juya su sai sun ji daga bakinka. Ina ka jefa wayarka? Saura musu tafiyar rabin awa."

Suka ruga ofis. Tukur ya faɗa kan kujerar Mannir, ya karɓi waya.

"Ɗanladi, ni ne. Ku tsaya inda kuke, ku juya. Ku bi hanyar da Mannir ya ce."

Sunan ya fito masa da ƙyar, kamar ƙayar kifi. Ya kira sauran biyar ɗaya bayan ɗaya, yana kallon ɗigo shida a allon kwamfuta har suka tsaya, suka fara komowa da baya.

Mannir ya sauke ajiyar zuciya. "Allah ya taimake mu. Amma mutumina, kai da kake barci, wa ya gaya maka?"

Tukur ya ƙura wa allon ido. Kujerar tana da laushi, sanyin ofishin na ratsa zazzaɓinsa. Mannir na tsaye yana jiran amsa, yana kuma jiran kujerarsa. Tukur ya gyara zama.