Rubutun Da Ya Jira Maigadi

Maigadi ya rasu ranar Talata da hantsi, a kan kujerar roba da ke bakin ƙofarsa, yana da shekara saba'in da ɗaya. 'Yarsa ce ta same shi da ta fito masa da magani. Washegari jaridarmu ta buga tarihinsa a shafi na goma sha huɗu, shafi guda cur, da hotuna biyar. Maƙwabta suka yi ta yaba saurin hannuna. Ban gaya wa kowa cewa rubutun ya yi wata bakwai a ajiye ba.

Ba gadi ne sana'arsa ba. Ɗan wasan fim ne, shekara arba'in yana yi. Sai dai a shekaru goma na ƙarshe ba a ba shi komai sai gadi: ya buɗe ƙofa, ya rusuna, ya ce "Sannu da zuwa, yallaɓai," mota ta wuce shi. Sunan ya bi shi har unguwa. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa.

A gidan jarida muna da wani tsari da ba ma faɗa wa masu karatu. Idan sananne ya tsufa ko ya fara jinya, sai a rubuta labarin rasuwarsa tun yana raye, a bar gurbin rana, a ajiye. Wata bakwai kafin rasuwar, edita ya kira ni.

"Tsohon nan maƙwabcinka ne ko? An ce ƙafarsa ta kumbura. Je ka kwaso abin da ke bakinsa tun da sauran lokaci."

"In ce masa me?"

"Ka ce hira ce. Ai ba ƙarya ka yi ba."

Na same shi a ɗakinsa, fanka na juyawa da ƙyar, ƙafar tana kan matashi. Da na ce hira na zo yi, ya sa 'yarsa ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Hotuna ne a ciki, an ɗaure su da zare, kowane fim da ƙunshinsa.

"Wannan alƙali ne," in ji shi. "Na yanke wa wani yaro hukuncin kisa. Wata biyu mahaucin layinmu bai sayar mini da nama ba, wai ba ni da imani."

Ya nuna mini likita, direban babbar mota, attajiri mai rowa, mahaukacin tasha. Da ya zo kan makaho ya ajiye hoton.

"Wannan wata guda na yi ina bin wani makaho a kasuwa. Mutane suna tsammanin rufe ido ne makanta. Ba a ido take ba, a wuya take."

Ya ɗan karkata kai, kunnensa ya juyo inda nake. Idonsa a buɗe, amma na rantse ba ya ganina. Sai ya yi dariya, ya dawo tsoho mai ciwon ƙafa.

"Baba, kar ka tsallake mayen nan," in ji 'yarsa daga bakin ƙofa. "Shi ya hana ni samun ƙawaye a makaranta."

"Halinki ne ya hana ki, kar ki ɗora wa aikina."

Na ƙirga fim sittin da uku. Sha tara kawai ya yi gadi. Da na rufe littafina ya riƙe mini hannu.

"Ɗan jarida, jikokina biyu gadi kaɗai suka san ni da shi. Babban ya ce wa malaminsu kakansa maigadi ne. Gadi ba abin kunya ba ne. Amma ina so in shimfiɗa musu jaridar nan a gabansu, in ce ku karanta da ƙarfi ina ji. Yaushe za ta fito?"

"Wata Asabar, Baba," na ce.

Daga nan duk Asabar yana kan kujerar roba da sabuwar jarida a cinya. Sai ya bi ta shafi-shafi, har tallace-tallace.

"Ɗan jarida, ko injinku ne ya haɗiye ni?"

Na ce talla ce ta cinye gurbin. Wani makon na ce hotuna ake gyarawa. Sau ɗaya na koma wa edita, na ce mu fitar da ita a matsayin hira.

"Ya fito a sabon fim?"

"A'a."

"An ba shi kyauta?"

"A'a."

"To ba labari ba ne tukuna."

Ban ja da shi ba. Abin da na yi shi ne sauya hanya. Duk Asabar sai in fita ta lungun baya.

Kwana uku da rasuwar, 'yarsa ta shigo gidana da jaridar a hannu. Ta ce yaran sun karanta sau biyu, ƙaramin yana ta tambaya ko da gaske kakansa ya taɓa tuƙa babbar mota.

"Na gode, yaya. Har shekarar fim ɗin alƙalin kun gyara."

"Wace shekara?"

"Ai ya je ofishinku ranar Alhamis kafin ya rasu. Ya ce ya tuna ya ba ka ba daidai ba, kar a buga da kuskure. Na ce ya jira ka dawo, ya ce ba ya ganinka kwanan nan."

Ranar Alhamis ɗin ina kotu wajen ɗauko rahoto.

"Me ya ce da ya dawo?"

"Ba komai. Ya cire takalmi ya kwanta. Asabar ɗin ma bai aika a sayo jarida ba, amma ka san ƙafar ta matsa masa."

Da safe na buɗe littafina na hira, na ɗora a gefen shafi na goma sha huɗu. Shekarar da na rubuta daban, wadda ta fito daban. Wani ya buɗe rubutun ya gyara. A kwamfuta, kalmar farko a layin farko ita ce "Marigayi", da manyan baƙaƙe.

Na tambayi edita, ya ce bai ga kowa ba. Mai gyaran rubutu ya ce ba shi ba ne. Mai tsara shafi ta ce ba ta tuna ba. Na sauka ƙasa na duba littafin baƙi. Sa hannunsa yana nan. Ya shiga ƙarfe sha ɗaya da minti goma, ya fita sha biyu saura biyar. Gurbin da ake rubuta wanda aka zo gani, ba a cike shi ba.