Tartsatsin Baba Mai Waya

Karo na bakwai ke nan ina murɗa makulli, motar tana gurnani tana tari, ta ƙi kamawa. Gumi ya jiƙa mini riga sharkaf. Matar Baba Mai Waya, maƙwabcina mai gyaran wutar mota, tana tsaye a ƙofar gidansu ta zuba mini ido. Ni kuwa da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da safen nan likita ya fito daga ɗakin Baba ya ce duk wanda ake so ya gan shi, a kira shi yau. Mutum ɗaya Baba ya nema, yayarsa, wadda ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Tana wani ƙauye a bayan rafi, damina ta cinye hanyar, babu motar da ke shiga sai irin tawa, tsohuwar jif mai jan ƙafa huɗu da nake kai kaya kasuwannin ƙauye da ita. Na bugi ƙirji na ce kafin la'asar zan kawo ta. Ga hantsi ya yi, ko layinmu ban bari ba.

Shekara ashirin Baba ne ke duba wutar motar nan. Da ya kwanta ciwo sai na ɗauka ai na sha kallo, na iya. Tun makon jiya take wahalar tashi, na canza fulogi, na sa sabon kwayil, batir kuwa cike yake. Duk a banza.

Matar Baba ta shiga ta fito. "Ya ce ka daina kashe batir, ka zo."

Gadonsa yana jikin tagar da ke kallon titi. Ya rame har na ji tsoron kallonsa, idonsa a rufe.

"Direba," ya ce, muryar can ƙasa, "tun ɗazu nake jin kana azabtar da baiwar Allah nan."

"Baba, ka huta. Zan shawo kanta."

"Ina hutu kana yi mini wannan a kunne? Ka duba wutarta?"

"Na duba. Akwai wuta."

"Wace iri?"

Na sosa ƙeya.

"Kowa sai ya ce akwai wuta. Ja ce ko shuɗiya? Ɗauki bargon nan, ka cire wayar fulogi ɗaya, ka lulluɓa ka duba. A rana ba a ganin gaskiyarta."

Haka yake aiki tun da na san shi. Zai buɗe bonet, ya rufa baƙin mayafi har kafaɗa, ya ce a murɗa. Direbobi suna tsokanarsa wai mai hoton zamanin da, shi kuwa bai taɓa sa mutum ya sayi abin da motarsa ba ta buƙata ba. Ban taɓa ganin mai haƙurinsa da ƙarfe ba.

Matarsa ce ta zauna a sitiyari. Ta ce in daina yi mata bayani, tun ban iya tafiya ba take murɗa masa makulli. Na lulluɓa, na kusantar da bakin wayar jikin inji. Tartsatsi ya fito siriri, ja-ja, da ƙyar yake tsallakawa.

Na koma na gaya masa.

"Me ka yi mata kafin ta fara?"

"Ba komai. Fenti kawai na sa aka fesa mata, har cikin bonet, saboda tsatsa."

Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da matarsa ta tallafo kansa ta ba shi ruwa.

"Kakkaurar wayar nan da ta haɗa inji da jikin mota, an cire ta?"

"An cire, an mayar."

"A kan fenti. To ta ina wutar za ta koma batir? Ka yi mata kwalliya, ka toshe mata hanya. Je ka kwance, ka kankare sai ƙarfe ya yi fari."

Kunya ta kama ni kamar in nutse. Na kwance notin, na kankare wurin da wuƙa, na ɗaure tam. Da na sake lulluɓa bargo, tartsatsin ya fito shuɗi, yana ƙara tas, tas. Na mayar da wayar. Murɗa ɗaya, motar ta kama.

Ban tsaya godiya ba. Na keta laka, na ratsa rafi ruwa har gindin ƙofa, ko sau ɗaya ba ta yi tari ba. Da na isa ƙauyen, yayar Baba ba ta tambaye ni komai ba, ganina kawai ta yi ta ɗauki mayafinta da sandarta. Duk hanya ina tsoron in tarar da tabarmi a ƙofar gida.

La'asar ta ɗan gota muka shigo layi. Matar Baba tana waje tana jiranmu.

"Shi ya ce in fito," ta ce. "Tun ba mu ji komai ba ya ce ga su nan."

Na riƙe hannun tsohuwar har bakin gado. Ta sunkuya ta dafa goshinsa.

"Auta."

Ya buɗe ido. "Yaya, kin zo? A wannan akwalar?"

"Ita ta kawo ni."

"Ai ta san hanya," ya ce. Sai ya juyo wajena. "Shuɗiya?"

"Shuɗiya, Baba."

Na fita na tsaya bayan mota na yi kukana.

Washegari da hantsi ya cika. Na leƙa ɗakin jim kaɗan kafin nan. Yayarsa ta sa an kawo mata ruwan ɗumi a kwano, ta ɗora hannunsa a cinyarta, tana bin faratansa da tsinke ɗaya bayan ɗaya, tana yi masa faɗa ƙasa-ƙasa wai har yanzu bai iya wanke hannu ba. Baƙin mai ya ƙi fita. Ta ajiye tsinken, ta ci gaba da riƙe hannun.