Takardar da Ta Yi Dishi-dishi

Takardar ta fito ta bayan injin a hankali, da ɗuminta. Baba Mai Leda ya ɗaga ta saitin ƙofa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ƙwanƙwasa bangon katakon da ya raba shagonsa da na tela, yadda yakan yi idan yana son aron almakashi.

Tela ta ɗauke ƙafa daga keken ɗinki ta zagayo, da zare a bakinta. Shekara goma sha ɗaya ke nan suna maƙwabtaka, ita tana ɗinki, shi yana yi wa takardun mutane laminatin, wato ya rufe su cikin leda don kada ruwa ko tsufa su ci su. Kullum sai ya yi mata tsiyar cewa ƙarar kekenta ce ta kashe masa kunne ɗaya. Yau bai yi ba.

"Duba min nan, 'yata. Idona ne, ko takardar ce?"

Takardar ce. Wani fari-fari ya kwanta a cikin ledar kamar an hura numfashi a madubi, rubutun da ke ƙasa sai dishi-dishi. Fallen littafin makaranta ne, da manyan baƙaƙe karkatattu. Ta faɗa masa gaskiya. Ya gyaɗa kai, ya zauna a kan kujerarsa da kyar.

Tun farkon damina jikinsa ya ƙi. Asibiti sun sallamo shi da ƙullin magani, rigunan da ta ɗinka masa duk sun yi masa yawa. 'Yarsa tilo tana aikin jinya a wani gari mai nisa, ta ce za ta zo ranar Asabar, shi ya sa ya kwaso takardun gida yana rufe mata su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ita ce ta ƙarshe. Ya ce marigayiya matarsa ce ta rubuta. Sai da ta haura arba'in ta shiga ajin manya, wannan kuwa shi ne abu na farko da ta taɓa rubuta masa, ta saƙale a jikin ƙofa wata rana da za ta fita unguwa.

Tela ta tambaye shi ko ba za a ɓare ledar a sake ba. Ya ce in aka ɓare, da rubutun za ta taho. Ya shiga lissafo mata abubuwan da ke jawo haka, a hankali, kamar mai magana da kansa. Ko takarda ta sha danshi, ko tawada ba ta bushe ba, ko robobin da ke jan takardar a cikin injin sun yi datti. Babba a cikinsu kuwa shi ne a saka takarda injin bai gama zafi ba.

"Shekara ashirin ina yi wa mutane faɗa kan gaggawa," ya ce. "Yau ni ne ban jira koriyar fitila ba. Gani na yi kamar ba zan kai ba."

Ya ce akwai dabara, a ƙara zafi a sake bi da ita. Yana miƙa hannu ga injin aka ɗauke wuta, ba a kuma dawo da ita ba har suka tashi.

Washegari shagonsa bai buɗe ba. Tela ta yi ɗinki biyu hankalinta bai kwanta ba, ta rufe nata ta bi lungun bayan shagunan zuwa ɗakin da yake haya. Ta same shi kwance, an jingina masa matashi biyu, matar mai gidan ta kawo masa abinci yana nan a rufe bai taɓa ba. Taga a buɗe, ana yayyafi, hasken ɗakin fari fat kamar safiya ta ƙi ƙarasa wayewa. Da ya gan ta sai ya laluba ƙarƙashin matashi ya miƙo mata makulli.

Ta je shagon ta ɗauko takardar da injin, rungume a ƙirjinta, ta lulluɓe shi da mayafinta saboda ruwa. Ta ɗora a kan ƙaramin tebur kusa da gadon ta jona. Daga kwancen yake ba ta umarni, idonsa rabi a rufe. Ta fara tura farin kwali sau biyu ya kwashe dattin robobin. Ta murɗa maɓallin zafi gaba kaɗan, ba da yawa ba, don in ya wuce kima ledar za ta yi kumfa ta tattare. Daga nan ba abin da ya rage sai jira.

A cikin jiran nan maganarsa ta riƙa tafiya tana dawowa. Ya ce yana jin ƙanshin sabulun wanki. Ya ce wata ta shanya kaya a tsakar gida, a gaya mata ruwa na zuwa. Can kuma sai ya dubi tela sosai ya tambaye ta ko fitilar ta sauya. Ta ce tukuna. Injin yana ta ɗan gurnaninsa, ɗumin leda ya cika ɗakin, ita kanta sai ta ji kamar ta daɗe da sanin wannan zaman, kamar a wani wuri ta taɓa yin sa.

Fitilar ta koma koriya. Ya sa ta ƙara minti biyu a kai. Ta naɗe takardar a cikin farar takarda kamar yadda ya ce, ta saka ta a injin ta ɓangaren da aka naɗe. Ya ce kada ta ja, kada ta tura, ta bar injin ya yi aikinsa. Da ta fito ta danne ta da wani babban littafi har ta huce.

Farin ya tafi, sai ɗan kaɗan a kusurwa ɗaya inda danshi ya riga ya zauna. Baƙaƙen sun fito tar. Ya riƙe ta kusa da fuskarsa, sannan ya miƙa mata ya ce ta karanta, idonsa ya gaji.

Ta karanta: "Makulli yana ƙarƙashin bokiti. Kada ka sha ruwan sanyi, kana tari."

Ya yi dariya har ta sarƙe shi. "Kin ji ta ko? Har yau ba ta daina ba ni oda ba." Ya ɗan huta, ya ce to, tunda an hana shi na sanyi, ta ɗumama masa.

Ta fita wurin matar mai gidan, suka ɗora ruwa a kan risho suna hirar tsadar kalanzir. Ba ta fi minti goma ba. Da ta dawo da kofin ta same shi yadda ta bar shi, kansa ya ɗan karkata wajen taga, takardar a kan ƙirjinsa. Ta kira shi sau biyu. Ta ajiye kofin a ƙasa a hankali, ta je ta kira matar mai gidan.

Aka sanar da 'yarsa rasuwarsa, ta iso da yamma, kwana biyu kafin Asabar ɗin. Tela ta damƙa mata takardun duka a jaka ɗaya, ta gaya mata yadda aka yi, ba ta rage komai ba. 'Yar ta ce injin ya zauna a wurin tela, ita ba ta san kansa ba.

Bayan mako guda tela tana cikin yanka wani yadi, wata mata ta tsaya a ƙofar shagon da ke rufe, da takardar shaidar gama makarantar ɗanta a hannu. Ta leƙo ta tambaya ko Baba bai fito ba yau, shi ya rufe mata na yayyen yaron duka.

Tela ta ajiye almakashi ta gaya mata.

Matar ta yi masa addu'a ƙasa-ƙasa, ta mayar da takardar cikin jaka, ta zauna a bakin bencin ƙofar shagon. Tela ta fito ta zauna kusa da ita. Ruwan sama ya ɗauke tun ɗazu, amma kwanon rufin bai gama ɗiga ba, suka zauna suna kallon ɗigon yana sauka cikin ɗan ramin da ya haƙa wa kansa a ƙasa.