Layin Cikgu Baharom

Cikgu Baharom yakan fara kamun kifin Oktoba tun a watan Maris, kuma a kunnena yake farawa. Ina gindin jirgi ina kankare gansakuka, sai Kalsom matata ta leƙo daga kicin ɗin masaukinmu da waya a hannu, ta ce, "Ga malaminka nan, zo ka ɗauki darasi."

"Tekong, an wuni lafiya? Na duba wata. Mako na biyu na Oktoba ruwa ba zai ja da ƙarfi ba. Ka riƙe mana kwana uku. Ka ce wa Kalsom ɗakin da ke kallon kogi, kuma a gyara fankar nan, bara kwana ta yi tana yi mana tari."

Haka yake. Tsohon malamin firamare ne daga Segamat, shi ya sa kowa ke ce masa Cikgu, wato malam, kuma har yau gani yake duniya aji ce da ba ta yi aikin gida ba. Ni da aka haifa a bakin tekun Rompin, Tekong guda, wato mai tuƙa jirgi, ni yake koya wa lissafin wata. Ina jin haushi, ina amsawa da to, domin wallahi bai taɓa yin kuskure ba.

Su uku ne, abokai tun suna 'yan makaranta. Akwai Phua mai sayar da tayoyi, ƙato mai surutu, da Selvam wanda ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, siriri, maganarsa ba ta wuce a ƙirga ba. Sun fi shekara goma suna zuwa wurinmu neman layaran, kifin nan mai dogon baki kamar mashi da ƙaya a baya mai buɗewa kamar mafici. Ba a cinsa a jirgina. A ja shi zuwa gefen jirgi, mai kamun ya riƙe bakinsa a ɗauki hoto, a zare ƙugiya, a sake shi. Marigayi babana har ya rasu yana cewa wannan aikin marasa yunwa ne.

Komai na tafiyar Cikgu ne ke tsarawa. Shi ya san Selvam ba ya cin naman sa, shi ke sayen ƙugiya da zare da maganin jiri, shi ke tuna wa Phua hula. Shi kuma ya kafa dokar layi. Da safe kafin a hau jirgi yakan ciro tsinken sakace uku ya kakkarya su, kowa ya ja. Mai gajere shi ke da kifin farko. Idan layin mutum ne, ba mai taɓa sandar sai shi, ko da yana amai, ko yana salla. Kifi ya tafi, layinka ya tafi.

Dokar nan shi ta fi ci. Phua ya riƙe bakin layaran har ya gaji, Selvam ma hotunansa sun cika bangon ɗakin cin abincinmu. Cikgu ko sau ɗaya. Wata shekara zare ya tsinke, wata shekara yana sujada kifin ya zo, wata kuma kifin ya iso har gefen jirgi ya girgiza kai ya tofar da ƙugiya. Phua yakan ce, "Kifin nan tsohon ɗalibinka ne, Baharom, ya gane muryarka." Cikgu ya yi dariya tare da su. Amma ni na sha ganinsa tsaye gaban bangon hotunan shi kaɗai, hannu a baya. Abu ɗaya yake so a duniya, ya sa hannunsa a kan bakin kifin nan.

A watan Yuni aka yi masa aikin zuciya. Mako biyu waya ba ta yi ƙara ba, har Kalsom ta ce gidan ya yi mata shiru. Da ya dawo kira, muryarsa ta ragu, yana tsayawa tsakiyar magana ya nemi numfashi, amma zancen bai sauya ba.

"Sun sa mini sabbin bututu, Tekong. Yanzu na fi injinka lafiya. Bana nawa ne."

Ba a daɗe ba sai ga kiran Phua, wanda bai taɓa kirana ba sai dai ya aiko gaisuwa.

"Tekong, magana ce tsakaninmu. Ka matso mana da kwanakin zuwa ƙarshen Satumba. Ni da Selvam kawai."

"Cikgu fa?"

"Matarsa Yaya Ropiah ta zo shagona tana kuka. Likita ya ce ko buhun shinkafa kada ya ɗaga, balle ya yi kokawa da kifin da ya kai shi tsawo, a tsakiyar teku, nesa da asibiti. Ka san shi, in ya shiga jirgin nan ko ɗaure shi aka yi sai ya kama sanda. Idan Oktoba ta zo, ka ce masa iska ta sauko da wuri, teku ta rufe."

Na ce, "Tauke," don haka muke kiran mai shago, "ni ba na yi wa teku ƙarya. Da ita nake ci."

"To ka ce inji ya lalace."

"In ja wa injina baki? Ku da kuka san shi tun yana da gashi, ku je ku faɗa masa mana."

"In ce masa me? Baharom, ka tsufa, zauna a gida ka shayar da furanni? Kai za ka iya?"

Ba zan iya ba. Na ba su kwanakin Satumba, na ce iyakata ke nan, ƙaryarsu su san inda za su ajiye ta. Raina ya ɓaci da su, ya ɓaci da matarsa, alhali na san gaskiya ce da su. Kuma me ya hana su haƙura da tafiyar gaba ɗaya? Wannan ban tambaya ba, ina da masauki da baki da za a ciyar.

Cikgu ya ci gaba da kira. Ya sayi sabon bel na ɗaura sanda a ƙugu, mai laushi, wanda ba zai taɓa masa ɗinki ba. Yana zagaya filin ƙwallon unguwarsu kowace safiya. Ya ce Kalsom ta rage masa gishiri, amma jatan landen kogi ko likitan ne ya zo da kansa sai ya ci. Ni dai e da to. Duk sanda na ajiye waya sai in ji kamar na haɗiyi ƙaya.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle ƙaryar mutanen da ba su taɓa shirya ko jakar kansu ba. Da tafiya ta matso, Selvam ya shiga shagon kayan kamun kifi, ya tsaya gaban ƙugiyoyi ya rasa wacce ce tasu. Sai ya yi abin da ya saba yi shekara da shekaru, ya ciro waya ya kira Cikgu.

Kalsom ce ta ba ni labarin, ita kuma daga bakin Phua, yana zagi. Wai Cikgu ya ce, "Ƙugiya tun yanzu, Selvam? Ai da saura."

"A'a, haka kawai na tambaya."

"Haka kawai. To, mai lanƙwasa za ka saya, lamba shida. Ka haɗa da maganin jiri, Phua ba zai tuna ba."

Daga ranar wayata ba ta sake yin ƙara da sunansa ba.

Su biyun suka iso ranar Juma'a da yamma. Kalsom ta ba su ɗakin da ke kallon kogi, fanka sabuwa, gado na uku a shimfiɗe saboda ta manta ta cire shi. Phua ya manta hula. Sun ci jatan lande kamar ana ba su magani.

Da safe ina zuba mai, na ji tsayuwar mota. Ropiah ce a sitiyari, ba ta fito ba. Cikgu ya buɗe ƙofa ya sauko a hankali, ɗauke da kwanon abinci mai hawa uku. Ya rame, rigar kamun kifinsa ta yi masa yawa. Gadar katakon da nake ɗaure jirgi ba ta da wani tsawo, amma sai da ya tsaya a tsakiyarta ya dafa sanda, kamar yana kallon ruwa.

Phua ya cire tabarau ya mayar. "Baharom…"

"Rufe mini baki, ɓarawon Satumba. Ga shinkafar kwakwa, Ropiah ta dafa. Na ƙasa na Selvam ne, kaza ce." Ya ciro wata tsohuwar hula daga aljihu ya jefa masa. "Sa, kafin rana ta soya ƙwan nan da kake kira kai."

Selvam ya sunkuyar da kai. "Cikgu, mun yi maka laifi."

"Kun yi. Kuma kun zaɓi makon da ruwa ke ja kamar jaki. Da kun tambaye ni."

Ya matso bakin gada ya ɗora ƙafa ɗaya a gefen jirgi. Na rantse da ya shigo ba zan hana shi ba, ko da Ropiah za ta tsine mini har ƙarshen rayuwata. Jirgin ya ɗan yi lilo. Ina jin numfashinsa daga inda nake, yana fita da ƙyar. Ya daɗe a haka, ya waiwaya ya dubi motar, sannan ya janye ƙafarsa.

Sai ya sa hannu a aljihun gaba ya ciro tsinke uku.

"Doka doka ce. Ku ja."

Phua ya ja dogo. Selvam ya ja matsakaici. Cikgu ya buɗe tafin hannunsa, ga gajeren kwance.

"Kun gani? Na ce muku bana nawa ne. Kifin farko nawa ne, kada wanda ya taɓa mini sanda."

Muka fita. Muka tsaya a inda ƙananan kifaye ke taruwa muka kama abin sa wa ƙugiya, muka nausa har ƙasa ta ɓace. Wajen hantsi na hango tsuntsaye suna faɗawa ruwa, na kashe inji, na maƙala kifi mai rai a ƙugiya na sake shi ya bi ruwa, na soke sandar a mazauninta.

Aikin layaran ba wuya gare shi ba. Idan ya ɗauki kifin, sai a bar zare ya yi ta tafiya ya ɗan jima, sannan mai layi ya rufe ƙwarƙwaron zaren, ƙugiya ta kama gefen baki. In ba a rufe ba, zai ji ƙarfe ya tofar.

Ba mu jima ba zare ya fara gudu. Phua ya zabura, hannunsa ya kai kan sandar saura kaɗan.

Selvam ya ce, "Ba layinka ba ne."

"Don shi zan kama! Mu kai masa hoto!"

"Hoton hannun wa?"

Phua ya dube ni. Na kawar da kai. Ni tuƙi aka ɗauke ni, ba na cikin ƙuri'a.

Zaren ya yi ta fita, sannan ya saki. Na ce shi ke nan, ya tafi. Sai ga shi ya taso a gefen jirgi, a hankali, ya buɗe ƙayar bayansa gaba ɗaya, shuɗiya tana sheƙi. Na daɗe a tekun nan ban ga mai girmansa ba. Ya bi gefenmu, kusa ƙwarai, yadda ko mai ɗinki a ƙirji zai iya miƙa hannu ya shafa bakinsa. Ya juya ido ɗaya ya dube mu, ya nutse.

Phua ya zauna a kan akwatin ƙanƙara ya rufe fuska da hular Cikgu, kafaɗunsa suna rawa. Ni ma idona ya cika, na ɗora laifin a kan hayaƙin inji, alhali injin a kashe yake.

Layin Selvam ne ya biyo. Ya ce kansa na ciwo. Muka buɗe kwanon muka ci shinkafar Ropiah, muka juyo tun kafin la'asar.

Cikgu na zaune a inuwar itacen da ke bakin gada, matarsa a gefensa, Kalsom ta kawo musu shayi ya huce. Tun kafin in ɗaure igiya Phua ya ɗaga murya.

"Ba ka yi asarar komai ba, Baharom! Teku fayau, ko kifi ɗaya. Gaskiyarka ce, makon banza muka zaɓa."

Cikgu bai dube shi ba. Ni ya duba.

"Tekong, kai ba ka yi wa teku ƙarya. Ya zo?"

Na ji haushin bakina da ya saba faɗin maganar nan. Na ce, "Ya zo, Cikgu."

"A layina?"

"A layinka."

"Babba?"

"Ban taɓa ganin irinsa ba. Har gefen jirgi ya zo."

"Wani ya taɓa sandar?"

"Ba wanda ya taɓa."

Ya gyaɗa kai a hankali, yana kallon bakin kogi inda ruwa ke haɗuwa da teku. Ropiah ta kama hannunsa, bai janye ba.

"To, madalla," ya ce. "Layina ya wuce."

Kowace shekara kafin su tafi yakan kama ɗakin baɗi. Kalsom, da bakinta ya riga tunaninta, ta ce, "Cikgu, in ajiye muku mai kallon kogi?"

"Tambayi Phua, 'yata. Shi ne mai shiri yanzu." Ya miƙe da ƙyar, ya laluba aljihunsa. "Phua, mako na biyu na Oktoba, kada ka sake yin wautar Satumba. Selvam ba ya cin naman sa. Ƙugiya lamba shida. Buɗe hannunka."

Phua ya buɗe. Cikgu ya zuba masa tsinke biyu, ya ɗauki kwanonsa, ya nufi mota.